Sunan yanki, gaurayen inabi da ƙahon saniya: amsa kan farar giyar inabin Faransa

Wani ƙanenmu da ke karatun aikin gona a Faransa ya aiko mini da tambaya. Ya ce an kai su nazarin gonakin inabi, ya ga kwalabar farar giya da sunan yanki kawai a jikinta, Châteauneuf-du-Pape, babu sunan inabin da aka matsa, sai wani ɗan tambari a baya da aka rubuta Demeter. Malaminsu ya ce musu gauraye ce ta inabi iri-iri, kuma noman bayodinamik aka yi. Yana so ya sani ko sunan yankin ne ke nuna yadda aka noma inabin, kuma wannan noma da ake yi da ƙahon saniya da duban wata, ilimi ne ko camfi.

Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Hukuncin giya a addini ka san shi, na san shi, kuma na malamai ne. Ni aikina ƙasa ce da abin da ke tsirowa a cikinta, ta nan zan amsa maka. Abin da zan faɗa kan ɗanɗano kuwa daga ma'aunin tsami da sukari na samo shi, da kuma bakin masu sana'ar.

Abu na farko da zai warware maka kan zaren shi ne, alkawari uku ne a jikin wannan kwalba, kuma ba hannu ɗaya ya ɗauke su ba. Sunan yanki alkawarin hukuma ne cewa inabin daga wuri kaza ya fito. Gaurayen yana ƙarƙashin dokar wannan yanki, ita ke faɗin irin inabin da aka yarda a haɗa. Tambarin Demeter kuwa na ƙungiya ce mai zaman kanta, yana magana ne kan yadda manomi ya bi da ƙasarsa. Gona biyu za su iya haɗa iyaka, sunan yankinsu ɗaya, ɗaya tana shan feshin maganin ciyawa duk shekara, ɗayar kuwa doki ke jan garma a cikinta. Dokar yankin ba ta raba su ba.

Sunan yankin daga wahala ya samo asali. A shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya fara cin saiwar inabi a kudancin Faransa, kafin ƙarshen ƙarnin ya gama da mafi yawan gonakin ƙasar. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa. Har yau kusan duk kuringar inabin da za ka gani a Faransa a kan saiwar aro take tsaye. A tsakanin nan kaya ya yi ƙaranci, algus ya cika kasuwa. Ana haɗa ruwa da sukari da busasshen inabi a sayar, ana ɗauko giyar wani wuri a liƙa mata sunan wurin da ya yi suna. A 1907 manoman Languedoc suka fito zanga-zanga dubu ɗaruruwa, a 1911 na Champagne suka yi tasu. Daga nan ne wani lauya kuma mai gona a Châteauneuf-du-Pape, Baron Pierre Le Roy, ya jagoranci maƙwabtansa tun 1923 suka shata iyakar yankinsu, suka rubuta wa kansu ƙa'idoji. Shi da Sanata Joseph Capus suka tura maganar har ta zama doka a ranar 30 ga Yulin 1935, aka kafa hukumar kula da sunayen yankuna da a yau ake kira INAO. A watan Mayun 1936 aka ba wuraren farko wannan matsayi na AOC, wato sunan yanki da doka ta tsare, cikinsu da Châteauneuf-du-Pape da Arbois da Cassis da Tavel da Monbazillac.

Kowane yanki yana da kundin sharuɗɗansa. A ciki za ka ga iyakar gonaki fili bayan fili, da irin inabin da aka yarda a shuka, da yawan kuringa a hekta, da yadda ake sassabe rassa, da iyakar amfanin da za a ɗiba. A Châteauneuf-du-Pape ba a wuce lita 3,500 a hekta ɗaya, kuma dole da hannu za a tsinke inabin. Ka lura da wannan ƙa'ida ta iyakance amfani, domin ta saba wa abin da aka koya mana a makaranta, inda burin kowa yawan buhu. Su sun gano cewa kuringar da ta ɗauki 'ya'ya fiye da ƙima ruwa-ruwa take ba da su.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu ƙwarai. Kowa ya san albasar Galmi daban take, kuma duk wanda ya taɓa sayen kilishi ya san akwai na Nijar akwai kuma wanda aka ara wa suna. Hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa waɗannan biyu rajistar sunan asali, kamar yadda ta yi wa barkonon Penja na Kamaru a 2013. Tunanin iri ɗaya ne da na Baron Le Roy: sunan wuri dukiya ce ta mutanen wurin baki ɗaya.

To, mu zo kan gauraye, inda kwalabarka ta fi ban sha'awa. Me ya sa ba a rubuta sunan inabin ba? Saboda Bafaranshe yana ganin wuri shi ne gaba, inabi ɗan aike ne kawai. Wanda ya san dokar wurin ya riga ya san abin da ke ciki. A arewa, inda sanyi ke riƙe wa inabi tsaminsa, iri ɗaya kan isa: Chardonnay a Bourgogne, Chenin a Vouvray da Savennières, Sauvignon a Sancerre. Da ka gangara kudu rana ta yi ƙarfi, sai inabi ya tara sukari da wuri, tsaminsa ya zube, iri ɗaya ya kasa tsayawa shi kaɗai. Nan gauraye ke zama dole.

Châteauneuf-du-Pape tana tsakanin Avignon da Orange, a gefen kogin Rhône. Sunan yana nufin sabuwar fadar Fafaroma, tun ƙarni na 14 da fafaromomi suka zauna a Avignon. An san ta da iri 13 na inabi, idan aka ƙirga launuka daban-daban su kai 18, kuma farar giyarta ba ta kai kashi 10 cikin 100 na abin da yankin ke fitarwa ba. A cikin farar, kowane iri da aikin da yake yi. Grenache blanc ke ba da jiki da nauyi, amma tsaminsa kaɗan ne kuma iska na saurin lalata shi. Roussanne ke kawo ƙamshi da iya daɗewa a kwalba, sai dai mai lalura ce a gona, farar fumfuna na son ta, amfaninta bana da yawa baɗi kaɗan. Clairette tsohuwar 'yar gida ce mai jure fari. Bourboulenc kuwa ba ta nuna da wuri, tana riƙe tsaminta har ƙarshen kaka, ita ce ke farfaɗo da haɗin idan shekara ta yi zafi. Akwai kuma Picpoul da Picardan, 'yan kaɗan. Doka ba ta ce kashi nawa za a sa na kowanne ba, shi ya sa gidan Beaucastel ke jingina farar giyarsa a kan Roussanne, maƙwabcinsa kuma ya jingina tasa a kan Grenache da Clairette, dukansu suna ɗaya. Amma Marsanne da Viognier, duk da sunan da suka yi a kwarin Rhône ɗin nan, ba su da izinin shiga.

Manomin da ya haɗa gero da wake da dawa a gona ɗaya zai gane hikimar nan ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Idan raɓar ƙanƙara ta watan Afrilu ta ƙone irin da ya riga fitar da toho, mai jinkiri ya tsira. Idan ruwan Satumba ya ruɓar da mai siririn ɓawo, mai kauri ya kai gida. Kafin gauraye ya zama gwanintar ɗanɗano, dabarar tsira ce.

In ka haura arewacin Rhône, a tudun Hermitage da yankunan Crozes-Hermitage da Saint-Joseph da Saint-Péray, iri biyu kacal aka yarda wa farar: Marsanne da Roussanne. Marsanne ce ta fi yawa, don ta fi haƙuri a gona. A can ne Michel Chapoutier ya juya gonakin gidansu zuwa bayodinamik a farkon shekarun 1990. A Bordeaux kuwa, a Graves da Pessac-Léognan, wadda ta samu sunanta na kanta a 1987, auren Sauvignon da Sémillon ne, wani lokaci da ɗan Muscadelle: na farko ya kawo tsami da ƙamshi, na biyu ya kawo kauri da tsawon rai. A gindin duwatsun Pyrénées, Jurançon na haɗa Gros Manseng da Petit Manseng da Courbu. A Jura ana haɗa Chardonnay da Savagnin. Cheverny ta kwarin Loire ma doka ce ta wajabta mata gauraye, Sauvignon a gaba, wani iri kamar Chardonnay a bayansa.

Alsace ce na fi so ka tsaya a kanta, don a can rigimar ta fito fili. Ita kaɗai ce cikin manyan yankunan Faransa ta saba rubuta sunan inabi ɓaro-ɓaro a kwalba: Riesling, Gewurztraminer, Pinot gris, Muscat. Gauraye yana nan, ana ce masa Edelzwicker ko Gentil, amma an daɗe ana ɗaukarsa ƙaramin kaya. Sai Jean-Michel Deiss na gidan Marcel Deiss a Bergheim ya ce kakanninsu ba haka suke yi ba. Ya koma shuka iri-iri a cakuɗe cikin fili guda, a tsinke su rana ɗaya, a matse su tare. Hujjarsa ita ce idan aka cakuɗa su babu irin da zai danne sauran, abin da zai rage a ji shi ne muryar ƙasar. Ya sha jayayya da hukuma shekara da shekaru, sai a 2005 aka yarda babban filin Altenberg de Bergheim ya fitar da gauraye da sunansa. Kaefferkopf, wanda ya zama na 51 a jerin manyan filayen Alsace a 2007, shi ma an yarda masa. Ka bambance abu biyu a nan: gauraya a rumbu, inda kowane iri ke dahuwa a gangarsa sannan a auna a haɗa, da gauraya a gona irin ta Deiss, inda ba ka da damar gyara komai daga baya.

Ga kuma wani misali daga Alsace ɗin da zai amsa tambayarka ta farko kai tsaye. Gidan Zind-Humbrecht na cikin manyan masu noman bayodinamik a Faransa, mai shi Olivier Humbrecht ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar Biodyvin ta masu noman inabi na bayodinamik. Suna da wata farar giya mai suna Zind, gaurayen Chardonnay da Auxerrois. Dokar Alsace ta daɗe ba ta yarda da Chardonnay ba sai a giya mai kumfa. Saboda haka wannan kwalba, duk da daga ƙasar Alsace ta fito, an kuma noma ta da kulawar da ta fi ta galibin maƙwabta, ba ta samu ikon ɗaukar sunan Alsace ba. Vin de France ake rubuta mata, matsayi mafi ƙasa a takarda. Ka ga tambarin noma hanyarsa daban, sunan yanki hanyarsa daban.

Yanzu ƙahon saniya. Asalin bayodinamik laccoci takwas ne da Rudolf Steiner, ɗan ƙasar Ostiriya, ya gabatar wa manoma a watan Yunin 1924 a Koberwitz, wani ƙauye da yanzu ke cikin ƙasar Folan. Manoman sun koka masa cewa tun da takin zamani ya shigo, ƙasarsu da irinsu da dabbobinsu ke raguwa. Steiner ba manomi ba ne, malamin falsafa ne mai koyarwar ruhaniya tasa ta kansa, ya kuma rasu a 1925 bai ga abin da aka yi da maganarsa ba. Almajiransa suka kafa tambarin Demeter a 1928. Jigon koyarwar shi ne gona halitta ce guda mai rai, ya kamata ta ciyar da kanta: dabbobinta su ba ta taki, ciyawarta ta ciyar da dabbobin, kada a dogara da abin da za a sayo daga waje. Wannan kam Bafulatani da Bahaushe sun riga Steiner saninsa, tun lokacin da ake roƙon makiyayi ya kwana da shanunsa a gona bayan girbi.

A kan wannan jigo aka ɗora haɗe-haɗe tara masu lamba 500 zuwa 508. Na 500 kashin saniya ne ake cusawa a ƙaho, a binne a watan Oktoba, a tono bayan sanyi ya wuce. Na 501 garin farin dutse mai ƙyalli ne, shi ma a ƙaho, amma lokacin zafi ake binne shi, a fesa wa ganye. Shida daga 502 zuwa 507 tsirrai ne da ake sa wa tarin taki, wasunsu sai an ɗura su a hanjin saniya ko mafitsarar barewa ko ƙoƙon kan dabba tukuna. Na 508 dafaffen ruwan wata ciyawa ce da ake fesawa don fumfuna. Sai kalandar da wata Bajamushiya, Maria Thun, ta tsara, wadda ta raba kwanaki huɗu bisa inda wata yake a cikin taurari: ranar saiwa, ranar ganye, ranar fure, ranar 'ya'ya.

Na taɓa tsayawa a kan aikin nan a wata ƙaramar gona a kudancin Rhône. Da la'asar sakaliya mai gonar ya buɗe wani akwatin katako, ya ɗebo abin da ya fito daga ƙaho. Na sa hanci. Babu warin kashi ko kaɗan, ƙamshin ƙasar gindin kuka ne bayan ruwan farko, baƙi ƙirin, yana murmushewa a yatsa. Dunƙule ɗaya ya ɗauka, kamar giram 100, wai na hekta guda ke nan. Ya jefa a ganga mai ruwan ɗumi, ya kama juyawa da sanda har ruwan ya yi rami a tsakiya, sai ya juya ta ɗaya hannun ruwan ya hargitse, haka har awa ɗaya cur. Ni da na saba lissafin taki da tan-tan, raina ya ƙi yarda cewa dunƙule ɗaya zai yi wa hekta wani abu.

Washegari na ɗauki shebur. Na haƙa tsakanin layukansa, inda ya bar ciyawa da dangin wake suka rufe ƙasa. Shebur ya shige ba gardama, ƙasar ta fito curi-curi kamar dambu, saiwoyi sun ratsa ta ko'ina, ga tana na motsi. Na taka 'yan taku zuwa bakin iyaka, na roƙi izinin maƙwabci na haƙa tasa, wadda aka share da maganin ciyawa ƙasa tsirara. Sai da na hau shebur da ƙafa biyu. Ta ɓalle fale-fale kamar busasshiyar laka, ban ga tana ko ɗaya ba. Bambancin gaskiya ne, idona ya gani. Tambayar ita ce, mene ne ya kawo shi: ƙahon, ko ciyawar da takin da barin feshi?

Masu bincike sun bi wannan tambaya. Gwaji mafi daɗewa shi ne na DOK a Therwil ta ƙasar Suwizalan, wanda aka fara a 1978, ana kwatanta bayodinamik da noman da ba sinadari da noman zamani gefe da gefe, a kan alkama da dankali da makamantansu. Sakamakon shekara 21 da aka wallafa a mujallar Science a 2002 ya nuna amfanin gona ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 a filayen da ba sinadari, amma ƙasarsu ta fi rai, ta fi tana da ƙananan halittu, kuma filayen bayodinamik na gaba a wasu ma'aunan. Sai dai su takinsu ruɓaɓɓe ne da aka tara aka juya, don haka da wuya a ce ga rabon ƙaho ga rabon taki. A kan inabi kuwa, wani bincike da aka yi a Kalifoniya aka wallafa a 2005 bai ga bambanci a ingancin ƙasa ba tsakanin filin da aka sa wa haɗe-haɗen Steiner da wanda aka noma ba sinadari kawai. Jami'ar Geisenheim ta Jamus ma tana irin wannan gwaji a kan Riesling tun 2006. Abin da ya fi fitowa fili shi ne babban rata yana tsakanin noman zamani da sauran biyun, inda kuringa ke rage yawan ganye da yawan 'ya'ya, ratar da ke tsakanin biyun kuwa ƙarama ce.

Hukuncina ke nan, kuma ina faɗinsa da girmama mutanen da na gani suna wannan aiki da zuciya ɗaya. Bayanin da Steiner ya bayar, cewa ƙaho na tara ƙarfin taurari, ba ilimi ba ne, ba a auna shi, kada ka rubuta shi a jarrabawa a matsayin hujja. Kalandar wata ma ban ga abin da ya tabbatar da ita ba. Amma kada wannan ya sa ka raina gonakin. Mutumin da dokar ƙungiyarsa ta hana shi maganin da ke shiga jikin tsiro ya kare shi daga ciki, dole ya zaga gonarsa kullum, ya juya ganye ya duba bayansa, ya san kwarin da raɓa ke daɗewa, ya rage ganye don iska ta ratsa. Idon mai gona taki ne. A ganina mafi yawan ribar bayodinamik daga nan take, sai kuma rufe ƙasa da ciyawa da komawa ga takin dabba.

Dalilin da ya sa manyan gidaje suka rungume shi ma yana da alaƙa da sunan yankin da ka tambaya. Bayan yaƙin duniya na biyu gonakin inabi sun sha takin zamani da maganin ciyawa har masanin ƙasa Claude Bourguignon ya yi maganar da ta girgiza Bourgogne, cewa wasu filayensu ba su kai yashin Sahara rai ba. To idan kana sayar da kwalba da tsada saboda sunan fili, alhali saiwar kuringarka na kwance a sama-sama tana jiran abinci daga buhu, me ya rage na filin a cikin kwalbar? Wannan tambaya ce ta kai Nicolas Joly ga juya Coulée de Serrant, hekta 7 na Chenin da sufaye suka fara shukawa a 1130, zuwa bayodinamik a farkon shekarun 1980. Ita ce ta ja gidan Huet a Vouvray da Anne-Claude Leflaive a Puligny-Montrachet. Tun kafin su duka, Eugène Meyer ya fara a Alsace a 1969. Su a wajensu bayodinamik hanya ce ta cika alkawarin da sunan yanki ya ɗauka ya kasa tsarewa.

Akwai inda takalmin ke matsa su, kuma ya kamata ka sani. Babbar abokiyar gabar inabi fumfuna ce iri biyu, dukansu daga Amurka suka zo a ƙarni na 19. Farar ana maganinta da farar wuta. Ɗayar, mai son danshi, sai da jan ƙarfe, wato haɗin nan na Bordeaux da Alexis Millardet ya fitar a 1885. Bayodinamik ya yarda da duka biyun don babu makawa. Amma jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake yi a ƙasa, idan ya yi yawa ya kashe tanar da ake tutiya da ita. Tun 2019 Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara, Demeter kuma ta sa nata ƙasa da haka. Ruwan sama na wanke shi, sai an sake fesawa, tarakta ta sake shiga ta danne ƙasa ta ƙona mai. Shi ya sa abin ya fi sauƙi a Rhône, inda iskar Mistral ke busar da ganye, da Alsace da duwatsun Vosges suka tare wa ruwa, ya kuma fi wuya a Bordeaux mai danshin teku. Gidan Château Climens a Barsac ta yankin Bordeaux, wanda ya juya a 2010, ya ɗauki kasada ta gaske da Sémillon mai siririn ɓawo.

Wani lokaci ma har kotu ake zuwa. A 2013 hukuma a Côte-d'Or ta umarci kowa ya yi feshi don kashe ƙwaron da ke yaɗa cutar flavescence dorée. Emmanuel Giboulot, mai noman bayodinamik kusa da Beaune, ya ƙi, ya ce cutar ba ta iso gonarsa ba kuma feshin zai kashe ƙwari masu amfani. A Afrilun 2014 aka ci shi tarar Yuro 1,000, rabi a jingine, a Disambar shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta wanke shi saboda kuskure a yadda aka fitar da umarnin. Ina jin tausayin ɓangarorin biyu. Cutar na kashe kuringa, kuma ƙwaro bai san iyakar gona ba.

Idan ka koma ga kwalbar, ga yadda za ka karanta bayanta. Koren ganye mai taurari na Tarayyar Turai, ko harufan AB, na nufin an noma ba sinadari, bayan shekara 3 na sauyi. Demeter ko Biodyvin, ƙungiyar masu inabi zalla da aka kafa a 1995, hawa ne a kan wancan: sai ka samu na farko kafin su karɓe ka, kuma gonar duka za ka juya, ba gefe ɗaya ba. Suna sa ido har cikin rumbu. Sinadarin farar wuta da ake sa wa farar giya marar zaƙi don kada ta lalace, dokar Turai ta yarda har miligiram 200 a lita, na noman ba sinadari 150, Demeter a Faransa 90. Wannan ya fi tsanani ga farar giya fiye da ja, domin ba ta da sinadarin ɓawo da ke kare ta daga iska, kuma a nan ma gauraye na taimakawa: tsamin Bourboulenc na tallafa wa Grenache blanc da ba ta jure iska. Wasu gidajen suna bin tsarin sosai ba tare da neman tambari ba, wasu kuma suna faɗin kalmar a baki babu mai bincikensu.

Zafin da ke ƙaruwa yana sa a sake buɗe kundayen nan. Girbi na matsowa gaba, tsami na raguwa, irin da a da ake rainawa don jinkirin nuna yanzu nemansa ake yi. A 2021 an yarda wa yankin Bordeaux ya gwada sabbin iri, cikinsu da farare biyu, Alvarinho da Liliorila, muddin ba su wuce kashi 5 cikin 100 na gona ba, da kashi 10 cikin 100 na gauraye. Kundin kowane yanki yana nan a shafin INAO kyauta. Kafin ku koma gonar, sauke na Châteauneuf-du-Pape ka karanta sashen iri da na amfani, sannan ka nemi aron shebur, ka roƙi mai gonar ya bar ka ka haƙa rami ɗaya tsakanin layuka, ɗaya kuma a gindin kuringa, zurfin kamu biyu, ka ƙirga tanar da ka samu a kowanne ka rubuto mini.